Riƙon Aji A Makarantar Firamare: Abin Da Na Koya A Ƙasar Mahuta



Sa'ad da takardar gayyata ta iso mini, aka ce in yi magana a kan riƙon aji a makarantun firamare, wani abokina ya yi dariya ya ce, wai me ya haɗa ɗalibin jami'a da hayaniyar 'yan aji ɗaya? Na ce masa abin da ya haɗa su yana da yawa. A cikinku akwai waɗanda za a tura bautar ƙasa a makarantun ƙauye. Akwai waɗanda za su zama sufetocin makarantu, da sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomi, da masu tsara kasafin kuɗi a ma'aikata. Galibinku kuma za ku zama iyaye, ku kai 'ya'yanku hannun wani malami. Bayan wannan duka, babu wani a cikin zauren nan wanda bai biyo ta aji ɗaya ba, kuma da malamin da ya fara riƙe ku ya kasa aikinsa, da wuya a ce yau kuna zaune a nan.

Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce. Yaron da yake da aiki a hannunsa, ya kuma gane abin da ake so ya yi, ba ya damun kowa. Saboda haka riƙon aji shi ne tsara harshe, da lokaci, da wurin zama, da aikin da kowane yaro zai yi. Bulala kuwa tana fitowa ne bayan malami ya kasa yin wannan tsari. Zan kafa hujjata da abin da na gani a ƙasar Mahuta, inda na fara koyarwa, sa'an nan in haɗa da abin da masana suka gano a wasu ƙasashe.

Mahuta Da Mutanenta

Ga waɗanda ba su san wurin ba, Mahuta ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai, a masarautar Zuru, cikin Jihar Kebbi. Tana kan hanyar da ta taso daga Koko ta nufi Dabai da Zuru. Ƙasar Zuru ta kasance cikin Jihar Arewa Maso Yamma daga 1967, ta faɗa Jihar Sakkwato a 1976, sa'an nan ta shiga Jihar Kebbi da aka kafa a watan Agusta na 1991. Ƙasa ce ta duwatsu da noman dawa, mutanenta kuma sun shahara da ƙwazon aiki da shiga soja.

Abin da ya fi shafar malamin makaranta a wannan ƙasa shi ne yawan harsuna. Akwai Fakkawa da danginsu irin su Gelawa da Kelawa, masu harshen da Hausawa ke kira Fakkanci. Akwai Dakarkari, waɗanda suke kiran kansu Lelna. Akwai Dukawa, da Fulani, da Hausawa. Hausa ce harshen kasuwa da tasha, amma yaro ɗan shekara shida da ya taso a ƙauyen gindin dutse bai cika zuwa kasuwa ba. Sau da yawa ranar da ya shigo makaranta ita ce ranar da ya fara zama a wurin da ba a yin harshen uwarsa. Ku riƙe wannan a zuciya, domin za mu komo kansa.

Asalin Cunkoso

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowane yaro a Nijeriya. An yi tanadin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3 sun hallara. Azuzuwa ba su isa ba, malamai ba su isa ba. Aka riƙa ɗaukar mutane ana yi musu horon gaggawa, aka kuma kafa Cibiyar Horar Da Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara don ta inganta waɗanda ke bakin aiki. Shiri ne mai kyau, kuma da yawa daga cikin iyayenku ta wannan ƙofa suka shiga boko. Amma tun daga lokacin aka saba ganin malami ɗaya a gaban taron yara da ya fi ƙarfin muryarsa.

A 1999 aka sake ɗaura ɗamara, aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004. Kundin manufofin ilmi na ƙasa, bugun 2004, ya ce malami ɗaya ya riƙe yara 35 a firamare. Duk wanda ya leƙa aji ɗaya a makarantar cikin gari a ƙasarmu ya san tazarar da ke tsakanin takarda da gaskiya. To, sabon malami ba zai zauna jiran ranar da za a rage masa yara ba. Gobe da safe zai shiga aji, dole ya san abin da zai yi da waɗanda ya tarar.

Bulalar Da Nake Nadamarta

Bari in ba ku labarin kaina, ko da yake ba abin alfahari ba ne. A shekarata ta farko ta koyarwa an ba ni aji ɗaya a wata makarantar ƙauye kusa da Mahuta. Yaran sun haura saba'in, benci bai kai goma ba, saura suna zaune a ƙasa. Abin da na fara nema shi ne tsumagiya, domin haka na ga an yi mana. Na kan shiga in daka tsawa, in bugi tebur, aji ya yi tsit. Da na juya ina rubutu a allo sai hayaniya ta komo, kamar an buɗe wa ƙudan zuma amya. Kafin a tashi muryata ta dushe, yaran kuwa ba su ƙaru da kome ba.

Akwai wani yaro da yakan zauna a lungu kusa da taga. In na ce kowa ya tashi, sai ya tsaya yana kallona. In na tambaye shi sunansa, sai ya sunkuyar da kai. Na ɗauka taurin kai ne, ran nan na zabga masa bulala biyu. Bai yi kuka ba, amma kashegari bai zo ba, jibi ma haka. Wata dattijuwar malama da ke riƙe da aji biyu ta kira ni gindin bishiya lokacin tara, ta ce, "Malam, yaron nan da ka duka, ka san ba ya jin Hausa?" Na yi shiru. Ta ce, "Ka doke shi ne a kan laifinka."

Sai da na taka har gidansu, na ba mahaifinsa haƙuri ta bakin tafinta, kafin ya komo. Malamar nan ta ba ni shawara in zaunar da shi kusa da wata yarinya mai jin harshensa da Hausa duka, ta riƙa raɗa masa abin da na faɗa. Kafin ƙarshen zango ya zama cikin masu saurin gane lissafi a ajin. Na sha tambayar kaina, yara nawa ne irinsa suka tafi, babu wanda ya bi sawunsu?

Harshe Shi Ne Farkon Riƙon Aji

Daga wannan rana na gane cewa yawancin abin da muke kira rashin ji, rashin ji ne na gaskiya, watau kunne ya ji sauti amma ma'ana ba ta shiga ba. Yaron da aka zaunar sa'a huɗu ana yi masa magana da harshen da bai sani ba, ɗayan biyu zai yi: ko ya yi barci, ko ya tsokani na kusa da shi. Ku ma da aka kawo muku mai lacca da harshen Sinanci, da kafin rabin sa'a zauren nan ya kaure da hira.

Masana sun daɗe da sanin haka. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji, inda aka koyar da wasu yara dukan darussan firamare na shekara shida da Yarabanci, Turanci kuwa aka koyar da shi a matsayin darasi. Yaran nan ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Kundin manufofin ilmi na 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke yi, sa'an nan a koma Turanci. A 2022 aka faɗaɗa wannan zuwa shekara shida na firamare, amma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi na Tarayya, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar an soke wannan tsari, an mai da Turanci harshen koyarwa.

Ba don in yi gardama a kan manufa na tsaya a nan ba. Abin da nake so ku lura shi ne, ko a lokacin da ake cewa harshen jama'ar wuri, a ƙasar Mahuta Hausa ake nufi, ɗan Bafakke kuwa yana nan da tsani biyu a gabansa: daga harshen gida zuwa Hausa, daga Hausa zuwa Turanci. Ko wace manufa aka zartar a Abuja, malami ne zai haye da shi. Saboda haka a makon farko malami ya bincika harshen da kowane yaro ke yi a gida, ya rubuta a gefen sunansa a rajista. Ya zaunar da mai harshe ɗaya kusa da mai harshe biyu. Ya koyi kalmomi kamar ashirin na harshen yaran: zo, zauna, tashi, duba, madalla, da gaisuwar safe. Ran da na fara gai da 'yan ajina da harshensu, sun yi ta dariyar karyayyen lafazina, amma daga ranar suka zama nawa.

Juma'ar Da Za Ta Yi Kyau

Abu na biyu shi ne makon farko. A 1980 wasu masana uku na Jami'ar Texas a Amurka, Edmund Emmer da Carolyn Evertson da Linda Anderson, suka buga sakamakon binciken da suka yi a azuzuwan 'yan aji uku. Sun zauna sun kalli malamai tun daga ranar buɗe makaranta. Suka tarar malaman da ajinsu ya zauna lafiya har ƙarshen shekara su ne waɗanda suka ba da kwanakin farko wajen koya wa yara yadda ake zaman aji, kamar yadda ake koyar da darasi: a bayyana, a gwada, a maimaita. Mu ma a nan mun san Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Mene ne za a koya musu? Ƙananan abubuwa ne waɗanda manya ke zaton kowa ya sani. Yadda ake shiga aji a layi. Inda ake ajiye takalma da gorar ruwa. Yadda ake neman izinin fita. Wanda zai raba littattafai da wanda zai tara su. Abin da yaro zai yi in ya riga kowa gama aikinsa. Da alamar da malami zai yi in yana son a yi shiru. Ni tafi uku nake yi, yara su amsa da tafi biyu su ɗora hannu a cinya. Mun yi kwana uku muna gwada wannan kamar wasa, daga nan ban ƙara ɓata muryata ba. Dokokin aji kuma kada su wuce huɗu ko biyar, a faɗe su da abin da ake so a yi, alal misali, "Muna ɗaga hannu kafin mu yi magana."

Kada ku raina waɗannan abubuwa. Mu ɗauka ana ɓata minti goma a kowane darasi wajen tsawa da neman alli da raba faɗa. In darasi shida ake yi a rana, sa'a guda ke nan ta tafi. A mako sa'a biyar, a zango mai mako goma sha biyu sa'a sittin. Wannan lokaci ya isa a koya wa yaro dukan baƙaƙe da wasulan Hausa har ya fara haɗa kalmomi.

Idon Malami

Abu na uku shi ne idon malami. Wani masani ɗan Amurka mai suna Jacob Kounin ya ɗauki hotunan azuzuwa da na'ura, ya yi shekaru yana nazarinsu, ya buga littafinsa a 1970. Da fari ya yi zaton bambancin malami mai riƙon aji da maras riƙo yana cikin irin horon da suke yi bayan yaro ya yi laifi. Sai ya tarar ba a nan bambancin yake ba. Malamin kirki shi ne wanda yara suka tabbata yana sane da duk abin da ke gudana, kamar mai ido a ƙeya. Yakan hango fitina tun tana ƙarama, ya kuma gane ainihin wanda ya tayar da ita, ya kashe ta da kallo ɗaya ba tare da ya tsayar da darasi ba. Ya kuma lura cewa yawancin hayaniya tana ɓarkewa ne a tsakanin aiki da aiki, lokacin da malami ke lalube yana tunanin abin da zai yi nan gaba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ma'anar wannan a aji mai yara saba'in ita ce, malami ya rubuta aikin allo tun kafin yara su shigo, don kada ya daɗe yana ba su baya. Ya bar hanya a tsakiyar aji, ko da a ƙasa ake zaune, yadda zai iya kaiwa ga na ƙarshe cikin taku kaɗan. Ya daina zama a kujera. Ya haddace sunayen yaransa, domin "kai, wancan" ba ya tsayar da kowa, amma yaro in ya ji sunansa cikin murya mai sanyi sai ya shiga taitayinsa. Masu raunin gani da raunin ji a kawo su gaba, kuma a riƙa juya layuka kowane mako don kada wasu su dawwama a baya.

Akwai kuma yadda ake tambaya. Wata malamar kimiyya, Mary Budd Rowe, ta auna a farkon shekarun 1970 ta ga malamai ba su cika jiran fiye da daƙiƙa ɗaya ba bayan sun yi tambaya. Da aka sa su jira daƙiƙa uku, sai amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba su saba magana ba suka fara ɗaga hannu. To, ina ga yaron Mahuta wanda sai ya juya tambayar zuwa harshensa, ya sami amsa, ya sake juyo ta? A yi tambaya tukuna, a yi shiru kaɗan, sa'an nan a kira suna. In aka kira suna da fari, sauran yara sun san sun kuɓuta, sai su koma wasa.

Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Abu na huɗu shi ne raba aji ƙungiya ƙungiya. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ku dubi makarantar allo: malam ɗaya da almajirai masu yawa, kowa da inda allonsa ya tsaya, gardawa suna biya wa ƙanana, malam yana sauraro yana gyara. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta isar da ilmi ga matan ƙauyuka ta hannun jajinta, watau mata shugabanni da ta koyar ta tura su su koyar da 'yan taru. A Indiya wani Bature mai suna Andrew Bell ya ga yara suna koya wa juna rubutu a kan yashi a Madaras, ya ɗauki dabarar ya buga ta a 1797, Joseph Lancaster kuma ya buɗe makaranta mai irin wannan tsari a birnin Landan a 1798. 

A ƙasar Zuru ma yara sun tashi sun ga yadda samari ke fita golmo, suna noma gonar surukai a ƙungiya, da shugabansu da tsarinsu, kamar yadda Hausawa ke yin gayya. Yaron da ya ga wannan ba sai an yi masa dogon bayani a kan aikin haɗin kai ba. Na raba ajina gida takwas, kowane gida da sunansa da shugabansa, shugabancin kuma yana zagayawa tsakanin maza da mata. Kayan aiki ba su gagare mu ba: karan dawa da 'ya'yan tsamiya da murafun kwalba don lissafi, kwali don katin baƙaƙe, ƙasar tsakar makaranta kuma ta zama allon kowa.

Wajen karatu da lissafi ya fi kyau a raba yara bisa ga inda kowa ya tsaya: waɗanda ba su san baƙaƙe ba, da masu haɗa gaɓa, da masu karanta jimla. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta gina shirinta a kan wannan, gwaje-gwajen da aka yi a can kuma sun nuna yara suna saurin kama karatu ta haka. Dalili a fili yake. In darasi ya yi wa yaro tsauri zai fid da rai, in ya yi masa sauƙi zai gundura, kuma su biyun nan su ne masu tayar da hayaniya.

Sai dai ina da gargaɗi. Mun ɓata aikin monita, mun mai da shi ɗan sanda mai rubuta sunayen masu surutu, wani lokaci har a miƙa masa bulala. Wannan yana koya wa yaro zalunci da karɓar toshiya tun yana ƙarami, domin kowa ya san ƙuli-ƙuli yana goge suna daga takarda. Aikin monita shi ne raba kaya da taimakon na baya. Hukunci na malami ne shi kaɗai.

To, In Yaro Ya Yi Laifi Fa?

Na san wasu za su ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma mai tanƙwara icce a hankali yake yi, in ya yi gaggawa sai ya karye. Bulala tana sayo shiru na minti biyar. Abin da take koyarwa shi ne a ji tsoron malami in yana nan, a yi abin da aka ga dama in ya fita. Tana kuma hana yaro tambaya, alhali tambaya ita ce rabin ilmi. Mafi muni, a ƙauye yaro yana da wurin gudu: gona tana jiransa, kiwo yana jiransa, yarinya kuma talla tana jiranta. Uban da dama can yana shakkar boko ba zai kora shi ya koma ba.

Horo yana da matakai. Na fari kallo. Na biyu malami ya matsa ya tsaya kusa da yaron yana ci gaba da darasi. Na uku ya kira sunansa ya tuna masa doka. Na huɗu ya canja masa wurin zama. Na biyar ya gan shi shi kaɗai bayan darasi, domin yaron da aka kunyata a gaban 'yan'uwansa zai nemi hanyar ramawa. In abin ya ci tura sai a je wurin hedimasta da iyaye. Horon kuma ya dace da laifin: wanda ya zubar da shara shi zai share, wanda ya yaga littafi shi zai liƙe. Kada a hori aji duka saboda mutum ɗaya. Kada kuma malami ya yi rowar yabo. In ya ce, "Madalla da gidan su wance, sun riga kowa shiri," sai ya ga sauran gidaje suna rige-rigen gyara zama.

Kafin kowane horo kuma a tambayi dalili. Yaron da ke gyangyaɗi wataƙila bai karya kumallo ba. Mai zuwa a makare wataƙila sai da ya ɗebo ruwa, ko ya yi tafiyar sa'a guda a ƙasa. A 'yan shekarun nan ƙasar Zuru ta sha wuya a hannun 'yan bindiga, har a watan Nuwamba na 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, aka sace ɗalibai. Iyalai da yawa sun baro ƙauyukansu sun komo gari, 'ya'yansu sun ƙaru a azuzuwan da dama sun cika. Yaron da ya taɓa kwana a daji yana gudun harbi, in ka daka masa tsawa ba ka san abin da ka tayar a zuciyarsa ba. Irin wannan yaro abin da ya fi bukata shi ne aji mai tsari, inda ya san abin da zai faru bayan kowane abu, da malamin da ba ya canja fuska.

Kason Da Ya Rage Naku

Ya ku 'yan'uwana, duk abin da na lissafa ba ya bukatar kwabo, amma akwai abin da ya fi ƙarfin malami, kuma nan ne naku aikin yake. Malamin da albashinsa ya yi jinkiri, hankalinsa yana gona ko kasuwa. Ajin da iska ta yaye rufinsa, da hadari ya haɗu an tashi. In kun zama masu rarraba malamai, ku daina tara su a makarantun cikin gari kuna barin ƙauye da mutum biyu. Ku tura mai jin harshen wuri zuwa wurin. Ku roƙi hedimastoci su ba gwanayen malamai aji ɗaya da aji biyu, domin mun saba jefa sabon shiga a can, alhali can ne tushe.

In kun zama sufetoci, kada ku tsaya a ofishin hedimasta kuna duba rajista da littafin shirin darasi ku sa hannu ku tafi. Ku shiga aji ku zauna a baya. Kada shiru ya ruɗe ku, domin ajin da ke aiki yana da ɗan gunaguni irin na masaƙa. Ku ƙidaya yara nawa ke da aiki a hannu. Ku kira yaro daga layin ƙarshe ku ba shi jimla ya karanta. Masu koyarwa a kwalejojin horon malamai, irin Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, ina roƙonku ku kai ɗalibanku gwajin koyarwa a aji mai cunkoso da harsuna da yawa, domin shi za su tarar.

Ku kuma da za ku tafi bautar ƙasa, in an kai ku makarantar ƙauye kada ku ɗauka an yar da ku. Ku nemi dattijon malami ko dattijuwar malama da ke wurin, ku zauna a bayan ajinsu kwana biyu kafin ku ɗauki alli. Ni digirin da na samu daga baya bai koya mini abin da malamar nan ta koya mini a gindin bishiya ba. Yaron da na doka kuwa ya gama firamare, ya wuce sakandare. Duk sa'ad da muka haɗu yakan durƙusa ya gaishe ni da harshensu, ni kuma in amsa da ɗan abin da na koya, har yanzu yana dariyar lafazina.

Shugaban taro, na ga lokacina ya cika.  Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kuma saka wa malamanmu na firamare da alheri.